Gyaran Ƙaramin Jirgin Ruwa na Faibagilas: Daga Rami Zuwa Fenti

Da rana tsaka tsohon jirgin ruwa yakan ɓoye aibinsa. Ka kife shi a kan katakai biyu masu ƙarfi, ka bari duhu ya shiga, sannan ka kwantar da tocila a goshinsa yadda haskenta zai bi gangar jikin har baya. Nan take za ka ga abin da ke jiranka: loɓawa a inda aka daɗe ana jingine shi, tudun wani tsohon faci da aka yi a gaggauce, tsage-tsage kamar saƙar gizo, da ƙananan bororo a ɓangaren da ke zama cikin ruwa. Ka riƙe tocilar nan a kusa, don za ka koma mata sau da yawa kafin aikin ya ƙare.

Tun daga ƙarshen shekarun 1950 masana'antu suka fara barin katako suna ƙera jiragen filafilai da zaren gilashi, wato faibagilas. Jirgin Pearson Triton, wanda aka nuna a bajen kolin jiragen ruwa na New York a 1959, yana cikin na farko da suka samu kasuwa sosai, sannan ƙaramin jirgin Laser ya fito a 1971 ya cika duniya. Da yawa daga cikin jiragen wancan zamani suna nan da ransu, kuma ƙirarsu kusan ɗaya ce. A waje akwai jelkot, wata fata mai launi da kaurinta ya kai kusan rabin milimita. A ƙarƙashinta akwai ƙyallayen zaren gilashi hawa-hawa da aka jiƙa da rezin na foliyesta, wani ruwan roba mai kauri da ke daskarewa ya yi tauri. A daɓen sama kuma, inda ake takawa, galibi fata biyu ce ta gilashi da wani abu mara nauyi a tsakaninsu, ko katakon balsa, ko filawud, ko sandararren kumfa.

Abu biyu ake nema a gyara, kuma mutane sukan ɗauke su abu ɗaya. Akwai santsi, akwai miƙewa. Dutsen da ruwa ya daɗe yana gogewa sumul yake, amma cike yake da tudu da kwari. Jikin jirgi ana so layinsa ya tafi daga goshi zuwa baya ba tangarɗa ko ɗaya, don ruwa ya bi shi ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Santsi kowa zai iya samu da sanfefa. Miƙewar ce ke cin lokaci, kuma ita ce fenti mai sheƙi zai tona wa asiri idan babu ita.

Ka fara da kare jikinka

Ƙurar gilashi ƙaiƙayi take sa wa a fata, a huhu kuma ta fi haka illa. Ka sa takunkumi mai mariƙin tace ƙura da tururin sinadari, tabarau mai rufe gefe, safar hannu ta roba, da riga mai dogon hannu. Idan ƙaiƙayin ya kama ka, wanka da ruwan sanyi ya fi, kada ka sosa. Ifoksi, wani nau'in rezin da ake gyara da shi, idan bai daskare ba kuma yana yawan taɓa fata, wata rana jiki zai ƙi shi, ƙuraje su feso, kuma da wuya a rabu da wannan har abada. Kada ka wanke hannu da sinadarin asiton da ake goge rezin da shi, sabulu da ruwa ne maganinsa. Sinadarin MEKP da ake daskarar da foliyesta da shi, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. Tsohon fentin ƙasan jirgi kuwa guba ne da gangan, an yi shi ne don kashe abin da ke manne wa jirgi a ruwa, saboda haka a kankare shi a jiƙe ko da injin da ke zuƙe ƙura, a shimfiɗa tamfol a ƙasa a tattara abin da ya zuba.

Wanka, ƙwanƙwasa, alama

Kafin sanfefa ta taɓa jirgin, ka wanke shi da sabulu, ka bi shi da sinadarin cire kaki da maiƙo. Wannan jerin yana da dalili. Jelkot yakan riƙe kaki na shekara da shekaru, idan ka fara gurzawa sai ka tura kakin cikin ƙarcen da ka yi, rezin kuma ba ya kama kaki. Tsumma biyu za ka riƙe, ɗaya na shafawa, ɗaya na ɗaukewa tun bai bushe ba.

Sai ƙwanƙwasa. Ka ɗauki ƙaramar guduma ta roba ko ƙotar sukurdireba, ka bi jikin da daɓen taƙi bayan taƙi. Wuri mai lafiya ƙara yake yi tas-tas, kamar ya maido maka da gudumar. Inda fata ta rabu da abin da ke ƙarƙashinta, ko ruwa ya shiga, sai ka ji dum, kamar ka buga kwalin da ya sha ruwa. Kunne yakan koyi bambancin cikin minti biyar. Duk inda ƙarar ta sauya, ka zagaye shi da fensir, ka bi iyakarsa har ka dawo inda ka fara. Ka fi mai da hankali ga gindin sandar filafilai, wajen da aka ɗaure ƙarafa, ramin allon tsakiya (allon da ake saukarwa cikin ruwa ta ƙasan jirgi), da inda jirgi ke zama a kan tirela. Nan wahala take taruwa.

Duk abin da ka samu a jiƙe sai ya bushe kafin a rufe shi. Wannan kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Gwaji mai sauƙi shi ne ka manna farar leda a wurin, ka liƙe gefenta huɗu da tef, ka bar ta ta kwana. Idan ka ga raɓa a cikinta da safe, da sauran jira.

Wane rezin?

Da foliyesta aka gina jirgin, to me ya sa ba za a gyara shi da ita ba? Ana iya yi, musamman a saman ruwa inda za a mai da jelkot. Sai dai foliyesta tana ɗan tsukewa idan tana daskarewa, kuma kamunta a jikin tsohon abu bai kai na ifoksi ba. A masana'anta ana ɗora hawa a kan hawa tun suna ɗanye, su zama abu guda. Kai kuwa mannawa kake yi a kan abin da ya daskare tun shekaru arba'in da suka wuce, saboda haka ƙarfin kamu shi ne komai. A wurina, duk gyaran da ya shafi ƙarfin jirgi ko ƙasan ruwa, ifoksi ne.

Ifoksi yana da sharuɗɗansa. Rana tana lalata shi, dole a rufe shi da fenti. Jelkot ba ya son zama a kansa sai an yi shiri na musamman. Kuma awonsa ba a yi masa shisshigi. Na West System, wanda 'yan'uwan Gougeon suka kafa kamfaninsa a Bay City ta jihar Michigan a 1969, rezin mai lamba 105 ana haɗa shi da mai daskarwa 205 ko 206 kashi biyar da kashi ɗaya, da 207 ko 209 kuma uku da ɗaya. Wasu kamfanoni biyu da ɗaya ne nasu. Ka karanta gwangwanin da ke hannunka. Wanda ya saba da foliyesta yakan ƙara MEKP idan ana sanyi, sai ya zaci haka ifoksi yake. Ƙarin mai daskarwa ba ya sa ifoksi sauri, sai dai ya bar maka faci mai danƙo da ba zai taɓa yin tauri ba. Idan sauri ko jinkiri kake so, nau'in mai daskarwa za ka sauya. Na 205 yana ba ka kamar minti 9 zuwa 12 a kofi idan zafi ya kai digiri 22 a ma'aunin Celsius, na 206 kuma 20 zuwa 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yakan rage wannan lokaci da kusan rabi.

Game da ƙyalle, akwai tarkon da ke kama mutane. Tabarmar gilashi mai yankakken zare, wadda aka fi sani a aikin foliyesta, an manne zarenta da wani abu da sinadarin sitairin na cikin foliyesta ne ke narkar da shi. Ifoksi ba shi da sitairin, sai tabarmar ta ƙi kwanciya. Ka nemi saƙaƙƙen ƙyalle, ko ɗinkakke mai zare biyu a gicciye irin wanda ake kira 1708, wanda hawa ɗaya ke ba da kauri kusan milimita ɗaya.

Rami: ƙarfin faci yana cikin gangarensa

Na taɓa samun wani faci a gefen wani ƙaramin jirgi, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, an yi masa fenti tsaf. Da na sa bakin kurfi a gefensa na taɓa da guduma sau ɗaya, sai ya fita gaba ɗaya kamar murfi. Bayansa sheƙi yake yi, har ana ganin launin tsohon jelkot a jikinsa. Wanda ya yi shi ya sayi ƙyalle mai kyau, bai yi rowar rezin ba, amma bai gurza komai ba. Shekarun da jirgin ya yi yana shiga ruwa da mutane a ciki, fenti ne kawai ke riƙe da wurin.

Ga yadda ake yi. Ka yanke duk abin da ya mutu. Gilashin da ya farfashe fari yake yi kamar alli, mai lafiya kuma duhu-duhu ne, haske na ɗan ratsa shi. Ka ci gaba da yanka har farin ya ƙare, ka mai da ramin da'ira ko siffar ƙwai, don kusurwa ce ke haifar da sabuwar tsaga. Kada girman ramin ya ba ka tsoro. Babban rami a cikin abu mai lafiya ya fi ƙarami a cikin ruɓaɓɓe sauƙin gyara.

Sai ka auna kaurin bakin ramin, ka ninka shi sau 12. Wannan ne faɗin gangaren da za ka gurza a kewaye. Idan kaurin milimita 5 ne, gangaren santimita 6 ne ta kowane gefe. Ka zana iyakar da maka, ka ɗauki giranda da fefen sanfefa mai lamba 36 ko 40 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), ka yi ta saukowa a hankali daga layin zuwa bakin ramin har bakin ya yi siriri kamar wuƙa. Idan gangaren ya yi kyau, za ka ga hawa-hawan tsohon ƙyallen sun bayyana zobe-zobe, tazararsu ɗaya. Inda zoben suka matsu, wurin ya yi tsaye da yawa, a ƙara kwantar da shi. Idan hannunka na kaiwa ta ciki, ka raba aikin biyu, rabin kauri daga waje, rabi daga ciki. Facin da ya kama bango ta fuska biyu ya fi kowane ƙarfi, kuma gangaren waje zai ragu da rabi.

Ramin yana bukatar majingini ta baya. Idan ana shiga ta ciki, ka sa siririn filawud ko robar da ke lanƙwasuwa, ka lulluɓe shi da leda don kada ya manne, ka tokare shi ya bi siffar jirgin. Idan babu hanyar shiga, ka jiƙa ƙyalle hawa biyu a kan leda, ka bari ya daskare ya zama faifai, ka yanke shi ya ɗan fi ramin girma, ka huda tsakiyarsa ka zura waya. Ka gurza bayan ramin iya inda yatsa ya kai, ka shafa kwaɓaɓɓen ifoksi a bakin faifan, ka tura shi ta ramin a karkace, ka jawo wayar ka ɗaure ta a jikin sanda da ka gitta a waje. Gobe ka yanke wayar.

Yanka ƙyalle kafin ka buɗe rezin. Ka ɗora leda a kan wurin, ka zana iyakar gangaren da ta ramin, ka yanka na farko daidai babbar da'irar, na ƙarshe daidai ƙaramar, sauran a tsakani, kowane ya fi na bayansa ƙanƙanta da kaɗan. Ka jera su a bushe ka gani ko sun cika kaurin. Akwai saɓani kan wanda ake fara sawa. Ni babban nake fara kwantarwa, don shi ne zai kama gangaren gaba ɗaya ba yankewa, kuma idan aka zo gurza tudun da ya rage, gefen ƙananan ne za a ci, babban yana ƙasa ba abin da ya taɓa shi.

Yanzu awo. Ka dama kaɗan-kaɗan, minti ɗaya cikakke ko fiye, kana kankare gefe da gindin kofi. Ifoksi zafi yake fitarwa idan yana daskarewa, zafin kuma yana ƙara masa sauri. Na ga kofi da aka cika aka ajiye ya fara hayaƙi, robar ta narke ta lanƙwashe, cikin ɗan lokacin da aka ɗauka ana gyara zaman ƙyalle. Da ka gama damawa, ka juye shi a faranti mai faɗi.

Ka shafa zallan ifoksi a gangaren. Ka bi shi da ɗan siririn shafi na wanda aka kaurara da garin silika, don ya cike ƙananan ramukan da iska za ta ɓuya. Ka ɗora ƙyalle na farko, ka jiƙa shi da burushi kana dannawa, ba ja ba. Farin ƙyalle idan ya sha rezin sai ya zama garai-garai, duk inda fari ya rage bai sha ba, ko iska ce a ƙasa. Ka kore ta da faifan roba daga tsakiya zuwa gefe. Hawa na gaba ya hau tun na ƙasa yana ɗanye. Yawan rezin ba ƙarfi ba ne, ƙarfin yana cikin zaren. Nauyin rezin ya yi kusan daidai da nauyin ƙyallen. Idan facin mai kauri ne sosai, ka yi shi zubi biyu don kada ya yi zafi. A ƙarshe ka rufe da ƙyallen nailan da ake ɓarewa bayan daskarewa, ka matse. Shi zai bar maka fuska a kwance, mai ɗan kaushi, a shirye. Ka yi ƙoƙari facin ya tsaya ƙasa da fuskar jirgin da ɗan kaɗan. Cike kwari da fila, wato kwaɓin da ake cike rami da shi, ya fi gurza tudun gilashi sauƙi nesa ba kusa ba.

Daɓen da ke motsi a ƙarƙashin ƙafa

Idan ka taka daɓe ka ji ya loɓa, abin da ke tsakiyar ne ya ruɓe, kuma kusan kullum ta ramin kusa ruwan ya shiga. Ka yanke fatar sama da zarton da aka saita zurfinsa daidai kaurinta, ka ɗaga ta a hankali, don idan ba ta lalace ba za a mai da ita. Balsar da ta sha ruwa baƙi take yi, tana wari, yatsa na shiga cikinta. Ka kwashe har ka iso busasshiya mai haske, ka kankare fatar ƙasa, ka busar. Ka yanka sabon abin tsakiya daidai kaurin tsohon, ka jiƙa shi da zallan ifoksi, ka kwantar da shi a kan kwaɓaɓɓe har ya ɗan tsattsafo ta gefe, ka ɗora nauyi a kai, buhunan yashi sun fi don suna bin siffa. Fatar sama ta koma da irin wannan mannin, sannan layin yankan a yi masa gangare ta ɓangare biyu a ɗinke shi da ƙyalle kamar yadda aka yi wa rami.

Don kada abin ya maimaita kansa, duk inda kusa za ta ratsa daɓe ka huda rami da ya fi ta faɗi, ka toshe ƙasa da tef, ka cika shi da kwaɓaɓɓen ifoksi, bayan ya daskare ka huda daidai girman kusar a tsakiyarsa. Ko ruwa ya bi kusar, ifoksi zai tarar.

Bororo da saƙar gizo

Bororon ƙasan jirgi ruwa ne da ya ratsa jelkot ya haɗu da ragowar sinadari, ya zama wani ruwa mai tsami da ke ƙara jawo wani. Yakan yi tsartuwa idan an huda, saboda haka tabarau tukuna. A buɗe kowane a mai da shi ɗan kwari, a yi ta wanke shi da ruwa mai daɗi kwana bayan kwana, don iska kaɗai ba ta fitar da wannan tsamin, sannan a busar a cike.

Tsagar jelkot kuwa, fenti ba ya rufe ta, za ta sake fitowa. Ka buɗe kowace da ƙarfe mai tsini ta zama kwari mai faɗin baki, ka cike. Amma ka tambayi kanka me ya tsaga wurin. Idan lanƙwasuwa yake yi, sai an ƙarfafa shi ta ciki.

Daidaitawa

Nan ne aikin yake. Kafin komai, idan ba ka yi amfani da ƙyallen ɓarewa ba, ka wanke facin da ruwa da soso mai kaushi. Ifoksi yakan fitar da wani maiƙo-maiƙo a fuskarsa yayin daskarewa, musamman a sanyi da laima. Ruwa ne ke narkar da shi, asiton ba ya yi. Idan ka bar shi, zai toshe sanfefa kuma ya hana abin da ke biye kamawa. Bayan ya bushe ka gurza da lamba 80.

Filar daidaitawa daban take da ta manni. Silika tauri take yi kamar dutse, wanda ya yi daidaitawa da ita zai gane kurensa a kafaɗa. Ana amfani da gari mara nauyi na ƙananan ƙwallaye masu iska a ciki, irin 407 mai launin ƙasa-ƙasa ko 410 na West System, ko kuma haɗaɗɗiyar fila ta ifoksi da ake sayarwa gwangwani biyu. Na 410 ya fi sauƙin gurzawa, amma ba a son sa a ƙarƙashin fenti mai duhu, don zafin rana na iya sa shi ya motsa. Filar gyaran mota kuwa ka nisanta ta daga ƙasan ruwa, garin da ke cikinta ruwa yake sha. Ka fara dama rezin da mai daskarwa sosai, sannan ka riƙa zuba gari. Kaurin da ake so shi ne idan ka ɗaga sandar damawa, tsinin da ya tashi ya tsaya cak bai kwanta ba.

Ka samu siririn katako ko roba mai tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mara gaɓa, wanda ke lanƙwasuwa daidai. Ka kwantar da shi a jikin jirgin a tsaye, a kwance, a karkace, ka leƙa ƙarƙashinsa da tocila. Inda haske ya wuce, kwari ne. Inda sandar ke lilo, tudu ne. Ka rubuta a jikin jirgin da fensir. Tudu ake fara saukarwa, don sau da yawa abin da ka zata kwari ne, tudun maƙwabcinsa ne ya mai da shi haka.

Ƙaramin kwari a shafa masa fila da faifai mai faɗi da zai hau gefe biyu masu lafiya, a bar ta ta ɗan yi tudu. Wuri mai faɗi kuwa akwai dabara. Ka yanka haƙora a bakin faifan roba, ka shafa filar da shi ta fito kunya-kunya. Bayan ta daskare, kan kunyoyin kaɗai za ka gurza, wato kusan rabin wahala, har su zo daidai layin da kake so. Sai ka ƙarce cikin kwarin da burushin waya, ka cike shi da fila mai irin haɗin farko, kunyoyin su zama maka ma'auni. Haɗin ya zama iri ɗaya, in ba haka ba mai laushin zai riga mai taurin cinyewa, layuka su fito.

Kayan gurzawa shi ne dogon allo. Injin sanfefa mai ƙaramin fefe yana bin tudu da kwari yadda ya same su, ya goge su sumul ya bar maka su. Dogon allo kuwa a kan tudu yake hawa, ya tsallake kwari. Ka yi shi da filawud mai kaurin milimita 6, tsawo kamar santimita 60 zuwa 75, faɗi daidai sanfefar, da mariƙi biyu. Ka manna lamba 60 ko 80. Tsawon allon ya bi tsawon jirgin, amma turawar a karkace take, sau goma ta nan, sau goma ta can, ƙarcen ya riƙa gittawa juna. Ka riƙa tafiya, kada ka tsaya wuri ɗaya. Kada ka danna, nauyin hannu ya isa. Da sanfefa ta daina ci ka sauya ta.

Don ka ga abin da kake yi, ka yi wa wurin zane-zanen fensir ko'ina, ko ka fesa ɗan hazon baƙin fenti. Bayan 'yan turawa, tudu zai goge, kwari ya riƙe baƙinsa. A nan ne zuciya za ta ce ka karkata gefen allon ka goge baƙin nan. Kada ka yi, ƙara zurfin kwarin kake yi. Baƙin da ya rage saƙo ne cewa wurin fila yake so. Haka kuma da ka ga zaren gilashi ya fara leƙowa a kan tudu, ka tsaya, ka kai iyaka, sauran sai dai a ɗago kewayensa. Zagaye uku ko huɗu na cikewa da gurzawa ba abin mamaki ba ne, kowane ya fi na baya ƙanƙanta.

Ido yakan gaji, launin fila da na jelkot kuma suna ruɗa shi. Ka rufe ido, ka shimfiɗa tafin hannu a kan siririn tsumma, ka ja shi da sauri a tsawon jirgin. Hannu yana jin tangarɗar da ido bai gani ba. Ka kuma kwatanta da ɗaya gefen: ka yanka kwali daidai siffar ɓangaren da ke lafiya, ka juya shi ka gwada a wanda ka gyara. Bakin gaba na allon tsakiya da na abin juya jirgi a bar su a zagaye, bakin baya kuma siriri amma a yanke shi a miƙe, kada ya zama kaifi mai saurin ɓallewa.

Rufewa

Fila mara nauyi cike take da ƙwallayen da sanfefa ta fasa, saboda haka tana shan ruwa da fenti. Ka rufe ta da zallan ifoksi shafi biyu ko uku, kowane ya hau tun na ƙasa yana ɗan kama yatsa. Ka yi shi lokacin da zafin rana ke sauka, don idan jiki na ɗumama iskar da ke cikin ƙananan ramuka fitowa take yi ta bar kumfa. A ƙasan ruwa, jirgin da zai riƙa kwana a ruwa yana bukatar katangar ifoksi mai kaurin kusan rabin milimita, wato shafi biyar ko shida, kafin fentin ƙasa. Wanda ake fitarwa bayan kowace tafiya bai bukaci wannan duka.

Bayan ya daskare sosai ka wanke, ka gurza da 120, ka shafa fentin share fage wanda ya dace da fentin da ka zaɓa. Da jiki ya zama launi ɗaya, ƙananan huda kamar na allura za su bayyana. Ka cusa musu fila mai laushi da faifai, ka gurza da 220 sannan 320. A wannan matakin ma katako ya kasance a bayan sanfefar, don yatsu suna barin sawunsu. Fenti mai haɗi biyu na foliyuritan ya fi tauri da daɗewa, ana iya shafa shi da rola wani na biye da burushi yana kashe kumfa. Fesa shi kuwa aikin masu na'urar numfashi ne, tururinsa yana da haɗari ƙwarai.

Idan da foliyesta ka yi gyaran kuma jelkot za ka mayar, MEKP kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari ne, wato kamar mililita 2 a cikin 100, a auna da sirinji. Jelkot ba ya daskarewa a fuska idan iska na taɓa shi, sai an sa masa kaki a haɗin ƙarshe, ko a fesa PVA (wani ruwa da ke bushewa ya zama siririyar fata a kai), ko a rufe da leda. Ka daidaita launin da tsohon jelkot bayan ka goge shi ya yi haske, ba da wanda rana ta cinye ba. Ka bar shi ya ɗan yi tudu, ka sauke shi da sanfefar ruwa 400, 600, 800, 1200, sannan man sheƙi.

Fentin da ya bushe a hannu bai gama tauri ba. Ka ba shi kwanakin da gwangwani ya faɗa kafin ka juya jirgin, ka sa soso ko tsohon bargo a inda zai zauna, igiyar ɗauri kuma kada ta kwana a matse a kansa a makon farko. Ƙarafan da ka cire su koma da sabon abin liƙi a ƙarƙashinsu, a ɗaure noti daga ƙasa ana riƙe da kan kusar don kada ta juya ta kwashe liƙin. Ranar da ka fara sa shi a ruwa, ka bar shi a bakin gaɓa rabin awa, ka buɗe murfin dubawa, ka zura hannu ka shafa bayan kowane faci da busasshen tsumma kafin ka ɗaga filafilai.